Shanun Huɗar Hamidu da Na'urar Wagini

Ranar Asabar da hantsi Insifekta Sammani yana zaune ƙarƙashin bishiyar bedi a harabar caji ofis na Safana, yana shan kunu, zuciyarsa wasai. An yi ruwa mai yawa ranar Alhamis, ƙasa ta jiƙu har ƙasan garma, kuma mako guda ke nan ba a kawo masa ƙarar da ta wuce faɗan bakin rijiya ba.

Sai ga wani dattijo ya sauko daga bayan babur, ya cire takalmi tun daga nesa.

"Ranka shi daɗe, an kwana lafiya? Ya aiki? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Baba. Sa takalminka, nan ba masallaci ba ne. Daga ina?"

"Hamidu nike, daga Babban Duhu. Shanun huɗata aka ɗauke, guda biyu."

Sammani ya ajiye kofin. A wannan yanki, idan aka ce an ɗauke shanu, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne mutanen daji. Amma labarin Hamidu daban ne. Jiya Juma'a yana masallaci, wani Bafulatani mai suna Yero ya zo da rana tsaka, ya yi sallama da matar Hamidu, ya kwance shanun daga turke. 'Yan sintiri sun tare shi a bakin gari, ya fito da takarda daga na'urar ƙungiyar masu shanu, mai cewa Hamidu ya sayar masa da su ranar Laraba, ya kuma ce musu Hamidu ya dangwala yatsa. Suka duba lambar kunnen shanun, ta yi daidai, suka ba shi hanya.

"Mai unguwa ya ce takarda takarda ce," in ji Hamidu. "Har an fara cewa na sayar ne na rikice. Ranka shi daɗe, in ban yi huɗa cikin kwana huɗun nan ba, laimar ta tafi, bana kuma sai dai in kalli gonar maƙwabta."

"Ka dangwala yatsan?"

Hamidu ya ɗaga hannun dama. Babban yatsan a naɗe yake da tsumma. Ya warware a hankali. Fartanya ta yanke cikin yatsan kusan mako uku da suka wuce, ɓawon ciwon ya rufe duk zanen.

Sammani ya daɗe yana kallon yatsan. Sannan ya kira Saje Yasir ya fito da mota.

Yero bai ɓuya ba. Suka same shi a rugarsa, shanun biyu suna ɗaure a gindin aduwa, sun ƙi cin ciyawar da ya zuba musu.

"Kai ka saye su?"

"Ni na saye, yallaɓai."

"Wa ya yi dillanci?"

"Ba dillali. Mu biyu muka shirya."

"A ina ya dangwala yatsa?"

Yero ya dubi sandarsa. "A Batsari."

"Da wane hannu?"

"Da dama mana. Da wanne ake yi?"

Saje Yasir ya yi dariya. "Ardo, kai da ka iya gane saniyarka cikin ɗari, ba ka ga yatsan mutumin da tsumma ba?"

Yero ya juya ya dubi shanun. Insifekta ya tsuguna kusa da shi, ya rage murya.

"Bafulatani ba ya sayen shanun huɗa, Yero. Kai shanu mata kake so, masu haihuwa. Wani ne ya ba ka su kiwo, ya ce ka ce naka ne. Waye?"

"Wanda ya ba ni dukiyarsa ya ba ni sirrinsa, yallaɓai. Haka na gada. Ka kulle ni in za ka kulle."

Sammani bai kulle shi ba. Ya karɓi takardar, ya ce kada shanun su bar gindin aduwar nan. A mota yana ta juya maganar a ransa. Mutum ne ya yi masa ƙarya ido da ido, amma don kada ya ci amana ya yi ta. Bai san a wane layi zai sa irin wannan ba, kuma shekara ashirin da biyu yana aikin nan.

Babban ofishin ƙungiyar masu shanu yana Batsari, ɗaki biyu a bayan kara, kasuwar shanu. Bayan ya leƙa caji ofis na garin ya sanar da takwarorinsa, Sammani ya wuce can. Ya tarar da mutum biyu: Zuwairatu, wadda ke kula da na'urorin, da sakataren ƙungiya, Mannir, wani mai fara'a da hula a karkace.

Zuwairatu ta yi masa bayani a tsaye, da saurin wadda ta gaji da maimaitawa. Tun da satar shanu ta yi yawa, ƙungiya ta sa wa kowace dabba lamba a kunne, aka shigar da sunan mai ita a rajista.

"Rajistar ɗaya ce, yallaɓai, amma na'ura uku ke riƙe da ita. Ɗaya nan, ɗaya Safana, ɗaya Wagini. Abin da aka rubuta a ɗaya, da sabis ya samu sai ta gaya wa sauran, su kuma su karɓa ba musu."

"To in wani ya rubuta ƙarya a ɗaya?"

"Da can zai yiwu. Da can katin ofis kawai ake sawa, a sauya sunan mai dabba. Wata biyu ke nan da na canza saiti. Yanzu sai mai dabbar ya sa yatsansa. Ba yatsa, ba takarda."

"A duka ukun?"

"A duka ukun. Na aika daga nan, allona ya nuna ya isa."

Tana rufe baki fanka ta tsaya, allon ya yi baƙi. An ɗauke wuta. Zuwairatu ta yi tsaki, ta leƙa taga ta ce a tada janareto.

"Kullum haka muke, sau uku sau huɗu. Ta Safana ma haka. Amfaninsa ɗaya dai, sabon saiti ba ya kama aiki sai na'ura ta mutu ta tashi. Lokacin tashi kaɗai take karanta shi. Shi ya sa na rubuta wa kowane ofis takarda a kashe a kunna, sakatare ya kai da kansa."

"Na kai," in ji Mannir. "Na sa hannu ma, ga fayil can."

Da na'urar ta tashi, Zuwairatu ta nemo shanun Hamidu. Ta ɗan ɗaure fuska.

"Ba a nan aka yi ba. A Wagini ne, ranar Laraba, ƙarfe biyu da minti goma."

Mannir ya girgiza kai cikin tausayi. "Yallaɓai, abin da nauyi a bakina. Malam Hamidu baffana ne, ƙanen mahaifina, shi ya riƙe ni. Shekaru sun fara taɓa shi. Ya sayar ne, ya dawo gida ya ga turke wayam, ya kasa jurewa. Ku bar mana shi, mu lallashe shi cikin gida."

"Allah ya saka da alheri," in ji Sammani. "Ka ga yatsansa kwanan nan?"

"Na kwana biyu ban je gida ba."

Lahadi da safe suka kama hanyar Wagini. Gefen hanya duk mutane ne a gona, shanu biyu-biyu cikin karkiya, ƙasa tana juyewa baƙa. Sammani ya sauke gilashi don ƙamshin. Amma duk garmar da ya gani sai ya tuna saura kwana uku.

Ofishin Wagini ɗaki ɗaya ne, da faifan sola huɗu a kan rufi. Mai kula da shi wani tsoho ne, Malam Uwaisu, tsohon malamin firamare. Ya share ɗakin tas, ya lulluɓe na'urar da wani farin ƙyalle mai aiki a gefe, kamar kwanon baƙo. Bayan doguwar gaisuwa ya kawo musu fura.

"Malam, ranar Laraba Hamidu na Babban Duhu ya zo nan?"

"Ban ga wani Hamidu ba."

"Amma daga na'urarka takardar nan ta fito."

Uwaisu ya sa tabarau, ya karanta, ya cire. "Tawa ce. Amma ba ni na buga ba."

"Wa ke taɓa ta ban da kai?"

"Babu. Ni ban barin ɗakin nan, ko ƙofa ban matsawa."

"Ƙarfe biyu da minti goma, Malam. Ba ka sallar azahar?"

Tsohon ya rikice. Saje Yasir ya ɓoye murmushi cikin ƙwaryar fura.

"To... salla dai dole ce. Amma ina kullewa."

"Ranar Laraba ka kulle?"

"Ina da baƙo ranar. Ba a kulle ɗaki a bar babba a rana."

Bai faɗi sunan baƙon ba, Sammani kuma bai matsa ba tukuna. Ya tashi ya ɗaga gefen ƙyallen, ya ga 'yar fitila koriya tana ci.

"Tana ba ka wahala? Ta Batsari jiya a gabana ta mutu."

Nan fuskar Uwaisu ta washe. "Ta Batsari! Ai su ba su san darajar abu ba. Wagga tun ranar da aka kafa ta, wata goma sha ɗaya ke nan, ba ta taɓa ƙiftawa ba. Masu kafawa sun ce mini, Malam, kada ka bari ta mutu. Ko cajin waya ban bari a sa a batirinta. Uwargidana da kanta ta kawo tata, na ce ta kai kasuwa. Kwana uku ba ta yi mini magana ba."

Sammani ya saki ƙyallen a hankali.

"Ba a kawo maka takarda ba, wata biyu baya, cewa ka kashe ka kunna?"

"In kashe? Wa zai ce in kashe? Sakatare ma da ya zo cewa ya yi, Malam, yadda kake riƙe da ita haka za ka ci gaba, kada ka yarda kowa ya taɓa makunnin nan."

"Shi ne baƙon ranar Laraba?"

Uwaisu ya gyaɗa kai. Sai ya zauna a kan tabarma.

A hanyar komawa Saje Yasir ya ce, "Yallaɓai, mu wuce mu ɗauko shi kawai."

"Da me? Maganar tsoho ɗaya da ya riga ya yi mana ƙarya sau ɗaya? Zai ce tsohon ne ya buga. Bari na'urar ta yi magana a gaban kowa."

Abin da ya tsaya masa a rai bai faɗa wa Saje ba. Na'urori biyu da ake wulaƙantawa, wuta na kashe su kullum, su ne suka ji sabon umarni. Wadda aka riƙe da gaskiya, aka hana mata ko ƙiftawa, ita ta zauna kan tsohon hali har ɓarawo ya shiga ta cikinta. Uwaisu bai saɓa wa kowa ba. Biyayyarsa ce ta buɗe ƙofar.

Litinin da hantsi aka taru a ofishin Wagini. Zuwairatu ta zo da jakarta, Mannir ya zo da fayil. Hamidu ya zauna bakin ƙofa. Yero ya koro shanun tun asuba, ya ɗaure su a waje, ya tsaya jingine da sanda.

"Malam Uwaisu," in ji Sammani, "kana da dabba a rajistar nan?"

"Karsana guda."

"Zuwairatu, mayar da ita sunana."

"Karsanata?" Uwaisu ya miƙe.

"Ba zai yiwu ba, yallaɓai," in ji Zuwairatu. "Za ta nemi yatsansa."

"Gwada. Malam, sa hannunka a aljihu."

Ta ɗauko katin ofis daga aljihun tebur, ta sa, ta buga lambar karsana da sunan Insifekta. Na'urar ba ta nemi komai ba. Ta yi 'yar ƙara, takarda ta fito.

Zuwairatu ta karɓi takardar. Ta shiga cikin na'urar ta duba, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Sabon saitin yana ciki," ta ce a hankali. "Ya iso tun ranar da na aiko. Yana nan ajiye, ba ta karanta shi ba. Ni na ga an ce ya isa, na ɗauka ya kama aiki. Ban zo na gwada ba."

"Yanzu a kashe ta."

Uwaisu ya ce ba wanda zai taɓa ta sai shi. Ya yi bismilla, ya danna makunnin, ya kau da kai. Da ta tashi, Sammani ya ce a mayar wa tsoho karsanarsa. Wannan karon allon ya tsaya, ya nemi yatsan mai dabba.

"Yallaɓai, ka yi tunani," in ji Saje Yasir. "Karsana ce fa mai kyau."

"Ɗan sanda da saniya, gobe sai a ce cin hanci ne." Sammani ya dangwala yatsa, Uwaisu ya fizge takardar ya cusa a aljihu. Har Hamidu sai da ya murmusa.

Insifekta ya juya ga Mannir. "Buɗe fayil ɗinka. Karanta abin da ka sa wa hannu."

"An kashe an kunna na'urar Wagini." Mannir ya gyara hula. "Na ba Malam saƙon da baki. In bai yi ba, laifinsa ne. Ranar Laraba kuma na zo, gaskiya ne, amma gaisuwa ce ta kawo ni. Ku duba sunan wa ke kan takardar, yallaɓai. Bafulatanin can ne. Shi da tsohon nan suka haɗa baki, ba sai an faɗa ba. Ai kun san halinsu da shanun mutane."

Yero ya ɗago daga kan sandarsa. Ya tako har bakin ƙofa.

"Mannir, ni ka ce wa ɓarawo?"

"Ban kira suna ba."

"Shekara bakwai shanunka suna hannuna, ko kaska ban bari ta kwana jikinsu ba. Shekaranjiya na yi wa hukuma ƙarya saboda kai." Ya dubi Sammani. "Yallaɓai, shi ya kawo mini takardar ranar Alhamis. Ya ce ya saya wurin baffansa, ba ya so dangi su yi surutu, in ce nawa ne. Ya ce in je ranar Juma'a lokacin masallaci, don tsohon ba zai so ya ga fitarsu ba. Na riƙe masa. Tun da ya sake ni, na sake shi."

A waje ɗaya daga cikin shanun ya yi kuka.

Mannir ya ajiye fayil ɗin a ƙasa. Bai dubi Insifekta ba, baffansa ya duba.

"Ban yi niyya tun farko ba. Ranar da aka ba ni takardar kashe na'ura an ce hanya ba kyau, na ji tsoro, na sa hannu ban zo ba. Bayan mako biyu na zo da ita a aljihu in ba Malam. Ina zaune aka yi cinikin wani sa, na ga kati kawai aka sa. Sai na bar takardar a aljihu." Ya rage murya. "Baffa, farar saniyar da ta haifi shanun nan ta ubana ce. Ina ɗan shekara goma sha biyu ya rasu, ka ɗauke ni, ka ɗauke ta. Ni na girma, ita ba ta dawo ba. Duk damina ina kallonsu a gonarka."

Hamidu bai musa ba. "Ta ubanka ce. Nononta ka sha, ɗan marakinta na fari shi ya kai ka makaranta. Amma ta ubanka ce, ban taɓa cewa ba tashi ba ce. Mannir, shekara ashirin, ka taɓa buɗe baki ka tambaye ni?"

"Ta yaya zan dubi idonka in ce ka ba ni gadona? Kai ka riƙe ni."

"Ka ji kunyar tambayata. Ba ka ji kunyar cewa na rikice ba."

Mannir ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan fayil.

Sammani ya bar su na ɗan lokaci. Ya san wannan ba irin ƙarar da ake rufewa da rai fes ba ce. Mai yiwuwa rabin shanun nan haƙƙin ɓarawon ne, kuma da ya je gaban alƙali da bakinsa da ya samu. Amma bai je ba. Ya shirya tsoho biyu da makiyayi ɗaya su ɗauki laifinsa.

"Maganar gado ta alƙali ce," ya ce, "kuma ƙofarsa a buɗe take, ko daga inda za ka. Tawa ita ce takardar ƙarya da satar shanu. Yero, zo ka sa yatsa."

Yero ya sa. Takarda ta fito da sunan Hamidu. Zuwairatu ta ce ba za ta koma Batsari ba sai ta tsaya Safana ta gwada waccan da hannunta. Uwaisu yana ta shafa na'urarsa da ƙyalle, yana tambayarta ko kashewar ta yi mata illa.

Saje Yasir ya sa wa Mannir ankwa, ya fito da shi. Hamidu yana waje ya riga ya kwance shanun, suna goga kai a kafaɗarsa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Da suka zo daidai da shi, Mannir ya tsaya.

"Baffa, gonata ta bakin rafi ba a yi mata huɗa ba. Yara ƙanana ne, uwarsu ba za ta iya ba."

Hamidu ya naɗe igiyar a hannunsa mai ciwo. Ya dubi hadarin, ya dubi shanun.

"Kwana biyu suka rage mini, gona biyu ce," ya ce. "Taka ta fi saurin bushewa. Da ita za mu fara."

Saje ya buɗe ƙofar mota, Mannir ya shiga.